Tarihin Ajiyar Jini da Hasashen Masu Bayarwa: Darasi ga Birnin Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bi sawun aikin ƙarin jini tun daga asalinsa har zuwa lokacin da aka ƙera manhajar kwamfuta mai hasashen wanda zai dawo ya sake ba da jini. Sa'an nan za a auna ko irin wannan manhaja za ta amfani birnin Sakkwato.

2.0 Asalin Ajiyar Jini

A shekarar 1901 ne Karl Landsteiner, wani likita a birnin Biyana, ya bayyana rukunan jini na A da B da O. A 1914 aka gano sinadarin da ke hana jini sandarewa, sa'an nan a 1937 aka buɗe rumbun ajiyar jini a asibitin Cook County da ke Shikago a Amurka. To, amma jini ba gero ba ne da zai shekara a rumbu. Leda guda takan yi kimanin kwana 35 a firiji kafin ta lalace. Idan an tara da yawa a yi asara, idan kuwa an tara kaɗan a rasa rai. Wannan shi ne tushen bukatar hasashe.

3.0 Zuwan Manhajar Hasashe

Misalin da ya fi shahara ya fito ne daga birnin Hsinchu na ƙasar Taiwan. An ɗauki bayanan mutum 748, aka duba abu huɗu game da kowane ɗaya: wata nawa ke nan da ya ba da jini na ƙarshe, sau nawa ya bayar, yawan abin da ya bayar, da kuma wata nawa ke nan da ya fara. Daga cikinsu 178 ne suka ba da jini a watan Maris na 2007. Da waɗannan bayanai ake koya wa kwamfuta ta gane wanda ya fi yiwuwa ya dawo.

A 2013 aka fito da Docker, watau dabarar ƙunshe manhaja tare da duk abin da take bukata a cikin "kwantena" guda, kamar yadda akan ɗauko kwantenar kaya daga Legas zuwa Sakkwato ba tare da an buɗe ta ba. Saboda haka manhajar da aka haɗa a wata ƙasa za ta iya tashi a kwamfutar asibitinmu ba wahala.

4.0 Halin da Ake Ciki a Sakkwato

An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Asibitin koyarwarta da Asibitin Ƙwararru na jiha suna cikin manyan wuraren da ake ƙarin jini a birnin. A matakin tarayya kuwa, an fitar da manufar jini ta ƙasa a 2006, aka kuma sa hannu a kan dokar kafa hukumar kula da jini a 2021.

Duk da haka, a nan kamar sauran sassan Nijeriya, yawancin jini daga dangin majiyyaci yake fitowa. Mace ta zubar da jini wajen haihuwa, sai a nemo miji ko ƙane. Wannan mai bayarwa larura ce ta kawo shi, kuma ba lalle ne a sake ganinsa ba. Tambayoyin nan huɗu na Taiwan ba su da amsa a kansa. Bugu da ƙari, bukatarmu tana da nata lokuta. Da damina zazzaɓin cizon sauro yakan ƙarar da jinin yara, ga masu ciwon sikila a kowane lokaci, kuma da azumi mutane da yawa sukan ɗage bayarwa. Manhajar da ta yi karatu a Taiwan ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

5.0 Kammalawa

Tarihi ya nuna cewa rajista ce ta riga kwamfuta. Kwantena tana iya kawo manhaja, amma ba ta kawo bayanan mutanen Sakkwato. Don haka abin da ya kamata a fara shi ne tara masu bayarwa na sa kai, musamman ɗalibai da ma'aikata da 'yan ƙungiyoyin agaji, a rubuta rukunin jinin kowa da ranar da ya bayar, bisa yardarsa da kiyaye sirrinsa. Idan an yi shekaru ana wannan rubutu, sa'an nan ne manhajar za ta sami abin da za ta koya.