Hurumi: Tarihin Tsarin Gari da Hidimar Jama'a a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Kalmar hurumi tana da ma'ana biyu a Hausar yau. Dattijon ƙauye idan ya ce hurumi, yana nufin filin da aka keɓe a gefen gari, wanda ba a yarda kowa ya noma ko ya yi gini a cikinsa ba, domin na jama'a ne baki ɗaya. Ma'aikacin ofis kuwa, ko alƙali, idan ya ce hurumi, yana nufin iyakar ikonsa, kuma galibi ba a jin kalmar a bakinsa sai lokacin da zai ce abu kaza ba huruminsa ba ne. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun abin da ya faru tsakanin ma'anar farko da ta biyu, ta hanyar duba yadda aka riƙa tsara gari da yi wa jama'a hidima a yankin da ke kudu da birnin Sakkwato, watau ƙasar Boɗinga da Sifawa da Yabo da Shagari, inda Horo Birni take a matsayin ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Shagari.

Zamanin masu jihadi

Ba da ka aka zaɓi wannan yanki ba. Wajen 1810 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya baro Gwandu ya zauna a Sifawa, ya yi kimanin shekara biyar a can kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, 'yar tafiya kaɗan daga Sifawa, kuma daga nan ya riƙa lura da sashen yamma na daular bayan rabon aiki na 1812. Ke nan a waɗannan shekaru mutanen da suka fi kowa tunani a kan shari'ar mulki suna zaune ne a garuruwan da ake yankan filayensu a gaban idonsu. Tambayar wa ke da ikon ba da fili, da inda za a bar hanya, da inda za a haƙa rijiya, tambaya ce da ake kawo musu ƙofar gida.

Malam Abdullahi ya rubuta ɗan littafi a kan wannan batu mai suna Ta'limur Radi, wanda ya yi bayanin hanyoyin da mutum yake samun haƙƙi a kan ƙasar da ba ta da mai ita. A mazhabar Malikiyya, wadda ya bi, hanyoyin huɗu ne: raya ƙasa da noma ko gini ko haƙa ruwa, da kyautar shugaba, da keɓewar shugaba domin amfanin jama'a, da kuma harimi. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi shafar mu, domin daga tushensa na Larabci Hausa ta samo hurumi. Malaman fiƙihu sun ce kowane abu da aka raya yana da kewayen da ba ya rayuwa sai da shi. Harimin gida shi ne inda ake zuba shara da inda indararo ke zubar da ruwa. Harimin rijiya shi ne gwargwadon filin da idan aka taɓa shi ruwanta zai cutu, ko masu zuwa shayarwa su ƙuntata. Harimin gari kuwa shi ne makiyayarsa da dajin da ake yo itace, gwargwadon inda mutum zai je da safe ya komo gida kafin dare. Sa'an nan ƙasar da ke kusa da gari ba a raya ta sai da izinin shugaba, don kada wani ya cinye abin da jama'a ke dogara da shi.

Ya kamata mai karatu ya lura da abu guda a nan. A wannan tsari ba a raba maganar fili da maganar hidima ba. Shara da magudanar ruwa da ruwan sha da makamashin girki, waɗanda a yau kowannensu yake da hukumarsa, duk an ɗaure su ne a jikin filin da aka bayar. Wanda ya yanka maka fili shi ne ya wajaba ya bar maka hanyar zuwa rijiya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙara wa wannan ƙarfi a Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, inda ya sa gina ganuwa da gadoji da kula da kasuwanni da hanyoyi da zaunar da masu sana'a cikin wajiban shugaba. Sunan Horo Birni ma yana tuna mana cewa a tsohuwar Hausa ganuwa ce ke mayar da wuri birni, ganuwa kuwa aikin gayya ce, ana raba ta unguwa-unguwa a gyara bayan damina.

Ba na cewa abin da ke cikin littafi shi ne kullum ake gani a ƙasa. Malam Abdullahi da kansa ya yi kuka da masu mulkin zamaninsa, har ya taɓa barin rundunar jihadi ya nufi gabas saboda ɓacin rai, ya tsaya a Kano inda ya rubuta Liya'ul Hukkami. Aikin gayya ma sau da yawa bayi da talakawa ne ke ɗaukar nauyinsa. Amma duk da haka talaka ya san ƙofar da zai je. Mai unguwa da hakimin ƙauye da sarkin kasuwa da sarkin fawa duk a garin suke kwana, daga rijiyar garin suke sha.

Zamanin En'e

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Ba su rushe wannan tsari ba, sai dai sun canza masa alƙibla. Dokar ƙasa ta 1910 ta ce dukan ƙasar Arewa tana hannun Gwamna a matsayin amana, ko da yake a ƙauye hakimi ne ya ci gaba da yanka gona. An fitar da iyayen ƙasa daga birni aka ce kowa ya je ya zauna a gundumarsa, aka kafa baitulmali, aka mayar da masu sarauta masu albashi. Haraji da jangali kuwa suka zama ma'aunin ƙwazon ubanƙasa.

Abin da Turawa suka kira tsarin gari bai shafi wurare irin su Boɗinga ba. Dokar garuruwa ta 1917 an yi ta ne domin unguwannin Turawa da kantuna da barikoki, har aka shar'anta barin fili mai faɗin yadi 440 tsakanin gidajensu da na 'yan ƙasa, wai saboda sauro. Wannan ma hurumi ne, amma na tsare baƙo daga mai gari. Dokar tsara birane ta 1946, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1932, ita ma a manyan garuruwa ta tsaya. Abin da ƙauye ya gani shi ne duba-gari mai leƙa randa, da malamin daji, da malamin dabbobi, da rijiyar siminti, da ɗakin shan magani, da makarantar elementare. Dukansu ma'aikatan En'en Sakkwato ne, daga birni ake turo su, can kuma suke kai rahoto.

Malamin daji ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Da aka fara yanke gandun daji, sai itacen da shari'a ta ɗauka haƙƙin gari ya koma abin da ake neman takardar izini kafin a sara. A ganina nan ne ma'anar hurumi ta fara juyawa, daga abin da aka tsare domin jama'a zuwa abin da aka tsare daga gare su. Amma a yi wa En'e adalci. Ita ke karɓar haraji, ita ke riƙe da kaso mai tsoka daga cikinsa, ita ke da ma'aikatar ayyuka da 'yan doka da kotu. Idan rijiya ta rufta, wanda ya karɓi kuɗin da wanda zai gyara duk ƙarƙashin majalisa ɗaya suke. Laifinta shi ne nisa da girma, da kuma rashin hanyar da talaka zai tuhume ta.

Daga 1976 zuwa yau

Tun daga 1967 gwamnatin soja ta fara zare wa En'e kotuna da 'yan doka da gidajen yari. Gyaran 1976 ya ƙarasa aikin: aka kafa ƙananan hukumomi 301 a Nijeriya, aka ce kowace ta ƙunshi mutum 150,000 zuwa 800,000, aka mayar da sarakuna masu ba da shawara. Boɗinga da Yabo suna cikin waɗanda aka kafa a Jihar Sakkwato a lokacin, Shagari kuwa sai a 1996 aka cire ta daga Yabo, shekarar da adadin ya kai 774. Idan kusanci ake nema, an samu. Mutumin Horo Birni da a da sai ya dangana da Sakkwato, yanzu yana da kansila daga mazaɓarsa.

To, me aka damƙa wa wannan sabuwar hukuma? Tsarin mulkin 1979, da na 1999 bayansa, sun lissafa mata maƙabartu da kasuwanni da mahauta da tashoshin mota da bayan gida na jama'a da kwashe shara da magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi da sa wa tituna suna, da ba da lasisin keke da amalanke da kwalekwale, sa'an nan ta sa hannu a ilmin firamare da kiwon lafiya. Duk wanda ya karanta jerin zai ga kusan harimin malaman fiƙihu ne aka sake rubutawa. Bambancin shi ne an ba ta aikin, an kai filin da kuɗin wani wuri.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar jiha a hannun Gwamna. Ƙaramar hukuma tana iya ba da izinin mallaka na gargajiya, har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, amma a wajen yankin da aka ayyana birni kawai, Gwamna kuma shi ke ayyanawa. Ma'ana, da zarar gari ya bunƙasa har filinsa ya yi daraja, ana iya zare shi daga hannunta da sanarwa guda. Wannan ya fi shafar Boɗinga, wadda birnin Sakkwato ke matsowa wajenta ta hanyar Jega. A ƙauye kuwa hakimi ne har yanzu ake kai wa goron fili, alhali dokar ba ta ambace shi ba. Shi ya sa burtali ke shiga gona, gona ke shiga maƙabarta, a rasa wanda zai ce a'a da ƙarfin doka. Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi hukumar tsara gari a kowace ƙaramar hukuma, sai dai jihohi sun fi son riƙe aikin a hukumominsu na raya birane.

Kuɗi ma haka. Gwamnatocin Kano da Kaduna sun soke haraji a 1979, wasu suka bi sahu. Talaka ya huta da wulakancin masu karɓa, wannan gaskiya ne, amma igiyar da ta haɗa aljihunsa da baitulmalin garinsa ta tsinke. Kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya ya tashi daga kashi 10 cikin 100 a farkon shekarun 1980 zuwa kashi 20 a 1992, amma sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya bi da shi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Wuta tana hannun kamfanin rarrabawa na Kaduna, ruwan famfo kuma na hukumomin jiha ne. Na taɓa raka wani ɗan'uwana neman a gyara famfon tuƙa-tuƙa na ƙauyensu, muka shiga ofis uku a yini ɗaya, kowanne ya karɓe mu da mutunci, kowanne kuma ya sallame mu da kalmar nan ta hurumi. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon maye zaɓaɓɓu da kantomomi. Hukunci ne mai nauyi, amma ya tsaya a kan kuɗi da zaɓe, bai taɓa maganar fili ba.

A watan Afrilu na 2022 kwalekwale ya kife a ruwan Shagari da mutanen ƙauyen Gidan Magana, rai 29 suka salwanta, galibinsu yara. A watan Mayu na 2023 aka sake yin haka da yaran Dandeji, aka tsamo gawa 15. A duka biyun an ba da rahoton cewa itacen girki za su yo a tsallaken ruwa. Lasisin kwalekwalen, bisa tsarin mulki, na ƙaramar hukuma ne. Sufurin ruwa yana ƙarƙashin hukumar tarayya da aka kafa a 1997. Gandun daji na jiha ne. Itacen da suka tafi nema kuwa, shi ne wanda malaman Malikiyya suka sa cikin harimin gari, a nisan da yaro zai je da safe ya komo gida kafin dare.