Daga Bayan Katanga Zuwa Ajin Jami'a: Waiwaye kan Karatun Tsaro da Leƙen Asiri a Amurka

In muka koma zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ba za mu sami jami'ar da ke ba da digiri a leƙen asiri ba. Da William Donovan ya tashi gina hukumar leƙen asiri ta OSS a 1942, malaman jami'a ya kwaso: masana tarihi, masana harsuna da masana labarin ƙasa. Jarinsu kawai iya karatu da tace labari, su raba aya da tsakuwa. Ɗaya daga cikinsu, Sherman Kent na Jami'ar Yale, ya fitar da littafi a 1949 yana mai cewa nazarin bayanan sirri ilimi ne mai ƙa'idojinsa. Amma sana'ar ta ci gaba da zama a bayan katanga. Hukumar CIA, wadda aka kafa a 1947, ita ke horar da mutanenta, makarantar leƙen asirin soja da aka kafa a 1962 kuwa sai 'yan ciki.

Ƙofar ta fara buɗewa ne a wurin da ba a zata ba. A 1992, Robert Heibel, tsohon jami'in FBI mai yaƙi da ta'addanci, ya soma koyar da ɗaliban digirin farko aikin nazarin bayanai a ƙaramar kwalejin Mercyhurst da ke Erie, jihar Pennsylvania. Yaƙin Cacar Baka ya ƙare, mutane da yawa na ganin kasuwar leƙen asiri ta watse. Shi kuwa ya lura hukumomi na ɗaukar ma'aikatan da sai an koya musu komai daga tushe.

Sai harin ta'addancin ranar 11 ga Satumba, 2001, wanda ya ci rayuka kusan 3,000. A Maris na 2003 Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta fara aiki, an haɗe hukumomi 22 a ƙarƙashinta. Ga guraben aiki dubbai, ga ƙarancin gwanaye. Makarantar sojan ruwa ta Monterey ta fara digiri na biyu kan tsaron cikin gida a wannan shekarar, sauran jami'o'i suka bi sahu, wasu da shiri, wasu da gaggawar neman ɗalibai. Mun ga kwasa-kwasan da tsohon darasin aikin 'yan sanda ne kawai aka sauya wa suna, kuma wannan ya daɗe yana rage wa fannin ƙima. Rahoton kwamitin binciken harin a 2004 ya nuna hukumomi sun riƙe bayanai ba su raba wa juna ba. Daga nan darussan haɗa kai tsakanin hukumomi suka samu gindin zama.

Guguwar Katrina ta 2005 ta sake juya akalar. Birnin New Orleans ya nutse ba tare da ɗan ta'adda ko ɗaya ba, dole manhaja ta rungumi ambaliya, annoba da agajin gaggawa. Tonon sililin da Edward Snowden ya yi a 2013 ya ƙara wa tambayar 'yancin ɗan ƙasa nauyi a cikin aji, tsaron intanet kuma ya zo ya mamaye fili.

Kowace masifa ta ƙara wa manhajar babi, har ta yi faɗi fiye da zurfi. Digirin da ya amsa sunansa har yau shi ne wanda ya riƙe abin da su Kent suka zo da shi: harshen waje, tarihi, da rubuta rahoto gajere wanda shugaba zai karanta ya yanke shawara.