Kajuwal: Faɗuwar da Ba Ta Zo Daidai da Zama Ba

Shekara 11 kawuna ya yi yana gadi a wani ofishi a Gumel, amma sunansa bai taɓa shiga takardar albashi ba. In aka tambaye shi matsayinsa sai ya ce, "Ni kajuwal ne." Ina yaro na ɗauka wani muƙami ne, irin na masinja ko akawu. Sai da na girma na tarar da kalmar a ƙamus, har da ma'anar tufafin shan iska da hirar sakin jiki. Abin ya ɗaure mini kai. Me ya haɗa mai kwana a bakin ƙofa cikin hunturu da mai yawon shaƙatawa?

Amsar tana cikin asalin kalmar. "Casual" ta shiga Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 14 ta hanyar Faransanci, tushenta kuwa Latin ne: "casus", daga "cadere", wato faɗuwa. Ma'anarta ta farko ita ce abin da ya faɗo wa mutum ba shiri. Wannan ba baƙon tunani ba ne ga Bahaushe. Mu ma cewa muke abu ya auku, daga aukawa, irin wadda rijiya ke yi. Waƙi'a da muka aro daga Larabci, ita ma faɗuwa ce tushenta.

Daga baya kalmar ta yi rassa. Reshe ɗaya ya bi masu hali: abin da ba a shirya ba ya zama abin da ba a damu da shi ba, har ya kai ga riga da wando marasa takura. Ɗayan ya gangara tashar jiragen ruwa ta Landan. A ƙarni na 19, leburori kan yi cincirindo a bakin ƙofa, heluma ya zaɓi waɗanda ya ga dama, wani lokaci don aikin awa ɗaya tak, saura su koma gida hannu rabbana. Da suka yi yajin aiki a 1889, abin da suka nema shi ne sisi a kowace awa, kuma kada a ɗauki mutum aikin ƙasa da awa 4.

Wannan reshe na biyu ne ya iso mana. Aikin yini dai ba Bature ne ya koya mana ba. Tun kafin ƙasar Gumel ta shiga hannun Turawa a 1903 muna da ƙwadago da jinga da dako, kuma da layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa Gagarawa, da su aka yi lodin gyaɗa. Har yau duk Alhamis, a kasuwar Maigatari, ana ganin samari masu kora shanu da masu loda su a mota. Sai dai a ganina waɗannan sun fi kawuna gata. Cinikinsu yana da farko yana da ƙarshe: an yi tsada, an gama aiki, an biya, kowa ya kama gabansa. Shi kuwa kajuwal na ofis, kullum yana bakin aiki kamar ma'aikaci, amma ba fansho, ba hutu, abin da ake ba shi sai an tuna da shi. Da alkawari ake riƙe shi: "Bari a buɗe ɗaukar aiki."

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ta wajabta a bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3. Kawuna ya ga wata ukun nan sau 44. Ranar da aka sallame shi ma ba takarda, wani ne ya tare shi a ƙofa ya ce, "Baba, gobe ka huta." Ya koma gonarsa a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar. Da na ba shi labarin cewa asalin kalmar faɗuwa ne, sai ya yi dariya, ya ce shi tasa ba ta zo daidai da zama ba.