Launi da Guba: Daga Tozali Zuwa Fuskar Talabijin

Wanda ya zauna a gidan kallon ƙwallo a Gyallesu, yana mamakin yadda koren ciyawa ke fita fes a talabijin, da wuya ya san cewa wani ɓangare na tarihin wannan launi yana da dangantaka da tozalin da ake sayarwa a kasuwar Zariya. Tozalin dutse haɗin dalma ne da farar wuta. Idan aka ƙera wannan haɗi ƙanana ƙwarai, sai ya shiga jinsin abin da masana ke kira ɗigon kwantam.

Ɗigon kwantam ƙwaya ce da faɗinta bai wuce nanomita 2 zuwa 10 ba, watau ta fi silin gashi siranta sau dubbai. Abin al'ajabi game da ita shi ne girmanta ke yanke launin da za ta fitar. Idan haske ya buge ta, ƙarama takan ba da shuɗi ko kore, wadda ta ɗan fi girma kuwa ja. A cikin talabijin ana sa fitila shuɗiya a baya, ɗigogin su juya wani kaso na haskenta zuwa kore da ja.

Alexei Ekimov ne ya fara nuna haka cikin gilashi a Leningrad a 1981. Louis Brus ya gan shi cikin ruwa a Amurka a 1983, sa'an nan Moungi Bawendi ya gano hanyar ƙera ɗigogi masu girma bai ɗaya a 1993. Su ukun aka ba lambar Nobel a 2023.

Sai dai zuma ga zaƙi ga harbi. Ɗigogin da suka fi tsabtar launi na kadmiyam ne, ƙarfen da ke lalata ƙoda da ƙashi, kamar yadda mutanen Toyama ta Japan suka ɗanɗana lokacin da ya gurɓata musu ruwan noman shinkafa. Da shi Sony ya fito da talabijin ɗinsa a 2013. Samsung kuwa a 2015 ya koma ga haɗin indiyam da fosfaras. Wannan canji bai zo da arha ba: koren indiyam ba ya shan hasken shuɗi sosai, launinsa ya fi bazuwa, kuma sai an lulluɓe kowace ƙwaya da ɓawon zinki kafin ta yi haske yadda ake so.

Dokar Tarayyar Turai ce ta matsa wa kamfanoni, amma ƙasar Hausa ta fi kowa hujjar damuwa. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara wajen 400 a Zamfara. Ga shi kuma tsohuwar talabijin ta Turai sau da yawa a kasuwannin Nijeriya take ƙarewa, in ta mutu mai gyara ya fasa ta, 'yan gwangwan su kwashi ƙarfen, sauran kuma ya tafi juji inda yara ke wasa.