Yadda Amurkawa Suka Daina Zuwa Kanti da Ƙafa

Baƙon da ya sauka a unguwannin bayan gari na Amurka, ya ga magidanci lafiyayye ya tayar da mota domin sayen burodi a kantin da bai fi tafiyar minti goma ba, zai yi gaggawar yanke masa hukuncin kasala. Alhali kuwa wanda ya bi diddigin al'amarin zai tarar da cewa doka da shari'a da dukiyar gwamnati ne suka taru, cikin shekaru kamar arba'in, suka raba mutumin nan da ƙafarsa.

A farkon ƙarni na 20 titin birni na kowa ne, kamar dai yadda malaman fiƙihu suka ɗauki hanya haƙƙin jama'a: yara na wasa a kai, masu talla na kasa haja, keken doki da taragon lantarki na ratsawa a hankali, mai gida kuwa yakan tsallaka duk inda ya ga dama ya isa wurin mahauci ko mai magani. Da Henry Ford ya fito da motarsa Model T a 1908, ya kuma yi ta rage kuɗinta daga dala 850 har ta koma ƙasa da dala 300, sai mota ta shiga hannun talaka, aka ƙera fiye da miliyan 15 zuwa 1927. Tare da ita musiba ta shigo, domin a shekarun 1920 haɗarin mota ya ci rayuka sama da 200,000, kuma a cikin birane mafi yawan mamatan masu tafiya a ƙasa ne, da yawansu ƙananan yara. Jama'ar wancan zamani ba su yi shakkar wanda ke da laifi ba. A Baltimore, a 1922, har hasumiya aka kafa don tunawa da yaran da aka rasa, jaridu kuma suna zana direba da siffar mai kisan kai.

A Cincinnati aka yi karon da, a ganina, ya juya tarihin. A 1923 mutum 42,000 suka sa hannu a takardar neman a tilasta wa kowace mota ɗaukar na'urar da za ta hana ta wuce mil 25 a awa. Dillalan motoci, da suka fahimci cewa motar da ba ta gudu ba ta da kasuwa, suka tashi haiƙan da talla da wasiƙu har aka kayar da ƙudurin a ƙuri'a. Daga nan masu sana'ar mota suka canza dabara, suka daina kare direba, suka koma tuhumar mai tafiya, ana kiran wanda ya tsallaka titi a tsakiya bagidaje, ana sa yara 'yan sikawut suna miƙa masa katin gargaɗi a bainar jama'a domin ya ji kunya. Los Angeles ta mayar da wannan ladabtarwa doka a 1925, sa'an nan a 1928, ƙarƙashin Herbert Hoover yana sakataren ciniki, aka fitar da samfurin dokar zirga-zirga wanda birane da yawa suka kwaikwaya.

Da aka ƙwace titi, saura kantin kansa. A 1926 Kotun Ƙoli, a shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohio, ta halatta wa hukumomi su keɓe yankin gidaje dabam, na kasuwanci dabam, wanda ma'anarsa a aikace ita ce haramta ɗan kantin bakin layi a unguwanni marasa adadi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka gina irin su Levittown, gidaje fiye da 17,000 a tsohuwar gonar dankali a Long Island, kuma a 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyi na mil 41,000, gwamnatin tarayya tana biyan kashi 90 cikin 100. A wannan shekara aka buɗe Southdale a Minnesota, rufaffiyar kasuwa wadda filin ajiye motoci ya kewaye. Magininta, Victor Gruen, mutumin Viyana ne da ya yi nufin samar wa Amurkawa dandalin yawo da ƙafa irin na garinsu, kuma ya rayu har ya barranta daga abin da tunaninsa ya haifa. Ƙari a kan haka, dokokin birane suka wajabta wa kowane mai shago tanadin wurin ajiye motoci, wanda ya daɗa nisanta ƙofa daga ƙofa, har ya zamana wanda ya yi niyyar takawa sai ya ratsa fage mai zafi da titi mai layi shida, wani lokaci ba tare da gefen masu tafiya ba.

An sami masu inkari tun da wuri, mafi shahara Jane Jacobs, wadda littafinta na 1961 ya kafa hujja cewa amincin unguwa yana rataye ne ga yawan masu kai da kawo a ƙafa da idanun masu shaguna. Amma gini ya riga ya yi nisa: a 1969 kusan rabin yaran Amurka suna zuwa makaranta a ƙafa ko a keke, a 2009 kuwa kashi 13 cikin 100 ne kawai. Gyaran da aka fara a bayan nan ta ƙofar doka ya biyo, kamar yadda ɓarnar ta biyo. Buffalo ta soke wajabcin wurin ajiye motoci a faɗin birnin a 2017, wasu birane suka bi sahu, ko da yake a 2022 motoci sun kashe masu tafiya a ƙasa fiye da 7,500, adadin da ba a ga irinsa ba cikin shekaru 40.