Dashen Haƙorin Gaba Nan Take: Makomar Dasashi a Kan Siririn Ƙashi

Tsakure: Wannan maƙala ta duba halin da dasashi ke shiga idan aka cire haƙorin gaba na sama aka kafa turken titaniyom a gurbinsa a zama ɗaya. Matsayarta ita ce kaurin bangon ƙashi na wajen leɓe shi ya kamata ya yanke wa likita lokacin dashe.

Tun 1965 da Per-Ingvar Brånemark ya fara kafa turakun titaniyom a muƙamuƙin ɗan Adam a ƙasar Suwidin, ƙa'idar aikin ita ce haƙuri: a cire haƙori, a bar gurbi ya warke na watanni, sannan a dasa. A 1976 Schulte da Heimke suka bayyana dashe nan take a Jamus, kuma yau babu gardama cewa turken yana kama ƙashi. Sai dai a haƙoran gaba kamawa kaɗai ba ta isa a kira aiki nasara ba. Turke na iya tsayawa daram alhali dasashi ya ja baya, sabon haƙorin ya ɗara maƙwabcinsa tsawo, tokar ƙarfe tana bayyana ta cikin nama duk lokacin da mai shi ya yi murmushi. Wannan ne ya sa Fürhauser da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin kyawun dasashi a 2005, mai duba abubuwa bakwai, ciki har da launi da tsayin bakin dasashi da cikar nama, a kan maki 14.

Tushen matsalar yana ƙarƙashin naman. Bangon ƙashin da ke rufe saiwar haƙori ta wajen leɓe yawancinsa ƙashi ne da ke rayuwa da zarurrukan da suka ɗaure saiwar, kuma ta nan yake samun wani kaso na jininsa. Da an cire haƙori, aikinsa ya ƙare, jiki ya fara zaizaye shi. An daɗe ana fatan turke zai tokare wannan bango, amma binciken Araújo da Lindhe a kan karnuka a 2005 ya nuna bangon yana narkewa ko da turke a ciki. Botticelli ya ga haka a jikin mutane a 2004, inda fiye da rabin faɗin ƙashin waje ya tafi cikin wata huɗu. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne sirantar bangon tun asali: Huynh-Ba ya auna a 2010 ya tarar kashi 87 cikin ɗari na bangayen haƙoran gaba na sama ba su wuce milimita ɗaya ba. A 2013 Chappuis, a Jami'ar Bern, ta nuna abin da wannan milimita ke nufi: cikin mako takwas da cire haƙori, siririn bango ya rasa kimanin milimita 7.5 na tsayinsa, mai kauri kuwa 1.1 kacal. Dasashi bin ƙashi yake yi, don haka ba abin mamaki ba ne da nazarin Chen da Buser na 2014 ya sami ja-bayan da ya haura milimita ɗaya a kusan kashi 26 cikin ɗari na dashen nan take.

Masu goyon bayan hanyar suna da hujjoji masu nauyi. Na farko, mutum ba ya son yawo da giɓi a gaban baki, kuma tiyata ɗaya ta fi biyu sauƙi. Wannan gaskiya ne, amma ana iya rufe giɓi da haƙorin wucin gadi na 'yan makonni, dasashin da ya ja baya a kan turke kuwa dawo da shi yana da matuƙar wuya. Na biyu, suna nuna cewa tsinin naman da ke tsakanin haƙora yakan dawo da kyau. Haka ne, domin ƙashin haƙorin maƙwabci ne ke riƙe da shi, kuma wannan bai ce komai ba game da tsakiyar dasashi, inda asarar take. Hujja ta uku ta fi ƙarfi: dabarun aiki sun inganta. Yanzu ana cire haƙori ba tare da ɗaga dasashi ba, a karkata turke zuwa wajen ganɗa, a cusa garin ƙashi a ratar da ta rage, a ƙara ɗan nama da aka yanko daga ganɗa, a ɗora haƙorin wucin gadi ya tallafi bakin naman. Gwajin Sanz na 2017 ya tabbatar cusa garin ƙashi yana rage zaizayar, amma bai tsayar da ita ba, kuma mafi kyawun sakamakon da ake bugawa daga ƙwararru yake, a kan marasa lafiyar da aka tace.

Saboda haka dashe nan take ya dace ne inda hoton ƙashi mai fuska uku ya nuna bango lafiyayye da ya haura milimita ɗaya, dasashi mai kauri, babu ruwan ciwo a gurbin, kuma akwai ƙashin da zai riƙe turke tun ranar farko. Inda ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, jiran mako huɗu zuwa takwas kafin dashe shi ne daidai.