Labarin Tsutsar da ta Shiga Kwamfutocin Amurka

A shekara ta 1988 intanet tana ƙarama. Kwamfutocin da ke haɗe da juna a cikinta kamar 60,000 ne, yawancinsu na manyan makarantu da ma'aikatun bincike na Amurka. Masu aiki da su sun amince da juna, kamar mutanen ƙauyen da ke kwana ba su kulle ƙofa ba.

Ran 2 ga watan Nuwamba na wannan shekara, wani ɗalibin Jami'ar Cornell, sunansa Robert Morris, ya saki wani umarnin kwamfuta da ya rubuta. In ya shiga kwamfuta guda sai ya hayayyafa, ya bi waya ya faɗa wata. Irin wannan shi a ke kira tsutsa.

To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsutsar nan ta bi ta kuskuren da ke cikin tsarin aika wasiƙu. Ta kuma bi ta kalmomin sirri, watau makullin da kowa ke buɗe aikinsa da shi, domin mutane da yawa sunansu suka sa, ko wata kalma mai saukin cinka. Ba ta goge rubutun kowa ba, amma ta yi ta sake shiga inda ta riga ta shiga, har kaya ya yi wa kwamfutoci yawa suka tsaya. An ƙiyasta ta kama kamar 6,000. Waɗansu makarantu suka yanke wayoyinsu, masana suka kwana suna neman magani.

A 1990 kotu ta kama Morris da laifi. Aka ci shi tarar dala dubu goma da 'yan kai, da aikin jama'a na awa 400. Tun a 1988 ɗin kuwa aka kafa ofis a Jami'ar Carnegie Mellon don kai rahoton irin wannan ɓarna.

Amma mutum mai mantuwa ne. A watan Mayu na 2017 wata tsutsa mai suna WannaCry ta tsai da aiki a asibitocin Ingila da yawa, alhali Microsoft ya fid da gyaran tsagar wata biyu kafin nan, ba a ɗora ba. Saboda haka maganin bai sake ba: a zaɓi kalmar sirri doguwa mai wuyar cinka, a ɗora gyara da zarar ya fito, a ajiye kwafin aiki a wani wuri dabam. Rigakafi ya fi magani.